Amarya na tafe, kicin ɗina ya tsufa

Assalamu alaikum Anti. Ni uwargida ce a Kano, shekarata goma sha biyar da aure, 'ya'yanmu biyar. Maigidana zai ƙara aure nan da wata uku, kuma ya gina wa amarya ɓangarenta a cikin gidan, sabo fil, da tayil da silin na POP. Ni kuwa tun jeren aurena ba a sake komai a ɓangarena ba sai ledar ƙasa. Kicin ne ya fi damuna: bango ya yi baƙi da hayaƙi, kabad ɗin ƙarƙashin sinki ya ruɓe yana wari, silin ya yi tabon ruwa, gara ta ci ƙofa, kyankyasai kuwa ba a magana. A falo kujeru sun lotsa, fentin shuɗi ne mai ƙyalli irin na da. Ƙarshen watan nan zan ɗauki adashi, naira dubu 450. Ƙawayena sun ce in sayar da sarƙata ta gwal in haɗa in sake kujeru da gado, ko in ɗauko in riƙa biya a hankali, don kada dangin amarya su raina ni ranar jere. Wata kuma ta ce in liƙa takardar bango kawai ta rufe komai. Ina jin kunyar yi wa maigida magana, kada ya ce kishi ne. Yaya zan yi?

Uwargida, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, ya ba ku zaman arziki ke da abokiyar zamanki.

Sarƙar nan ki mayar da ita inda kika ɗauko ta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk wadda ta riƙe gwal ta ga amfaninsa, wadda ta sayar kuwa ta san yadda mayar da shi ya gagare ta. Kujera fa, ranar da aka ɗora ta a a-kori-kura daga shago, ranar kuɗinta ya fara zubewa. Ki kira dillaliyar unguwarku ki tambaye ta nawa za ta karɓi saitin da aka yi wata shida ana zama a kai, amsarta ta ishe ki. Batun ɗaukar kaya a biya a hankali kuma, ki tuna adashin nan ma ba kyauta ba ne. In ba ke ce ɗaukar ƙarshe ba, akwai sauran zubi a wuyanki. Ga uwar adashi, ga mai kujeru yana aiko yaro duk ƙarshen wata, ga 'ya'ya biyar, ga miji da hidimar biki ta gama kwashe masa aljihu. Lokacin ƙawayen da suka ba ki shawara suna gidajensu.

Bari in faɗa miki wata gaskiya mai ɗaci tun yanzu. Dubu 450 ba za su mayar da ɓangarenki kamar na amarya ba, ko kin ninka su sau huɗu. Sabon gini sabo ne. Abin da kuɗin nan za su iya yi shi ne su ba ki kicin marar wari, bango mai haske, falo mai sarari da za a shiga a ji iska. Masu zuwa jere mata ne kamarki, kin kuma san abin da mata ke komawa gida da labarinsa: wari, ƙazanta, da yadda uwargida ta tarbe su. Ba wadda za ta ɗaga kujera ta duba shekarar da aka yi ta.

Sai maigida. Kunya abu ne mai kyau, amma nan ba muhallinta ba ne. Gidansa ne. Bututun da ke yoyo, kwanon da ke zuba, garar da ke cin ƙofa, duk ɓarna ce a dukiyarsa, kuma matsuguni yana cikin haƙƙoƙin da addini ya ɗora wa miji tare da ci da sha da sutura. Ƙarin aure bai sauke masa wannan ba. Abin da zai sa maganar ta zama kishi ko ta zama gyara shi ne ta inda kika shigo da ita. In kika buɗe baki da “ka yi wa amarya POP”, kin rufe ƙofa da hannunki. Kada ma sunanta ya fito a zancen. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba ranar da ya dawo daga haɗa lefe ba, ki ce, “Baban wane, don Allah zo ka ga wani abu.” Ki buɗe masa ƙarƙashin sinkin ya shaƙa da hancinsa. Ki miƙa masa cokali ya ƙwanƙwasa ƙofar ya ji yadda cikinta ya zama fanko. Maza da yawa ba mugunta ce ta hana su gyara ba, rabonsu da leƙa kicin ne ya daɗe. Sannan ki raba aikin a gabansa: “Fenti da kujeru da labule zan yi da adashina, kai ka ɗauke mini ruwa da gara da rufi.” Mutumin da ya ga kin ɗauki rabi, da wuya ya ce kishi ne. In kuma a danginku ana yin kayan faɗar kishiya, babu laifi ki ce wani kaso a mayar miki da shi siminti da fenti. Atamfa ai kina da ita a akwati.

In ya ce ba shi da hali a yanzu, kada ki ja. Amma ki sani tsarin ya sauya: ruwa da gara za su fara cin kuɗinki, kujeru su jira wani adashin. Ba a tsallake wannan matakin, domin yi wa bango mai danshi fenti daidai yake da ɗaura sabon zani ba a yi wanka ba.

To mu shiga kicin. Kabad ba ya ruɓewa haka kawai, ruwa ne ke zubo masa, kuma kafin ki kira kowa za ki iya gano daga ina. Ki kwashe komai daga ƙarƙashin sinki, ki goge wurin ya bushe, ki shimfiɗa kwali, ki kwana ba ki buɗe famfon ba. In da safe kwalin ya jiƙe, bututun da ke kawo ruwa ne ke yoyo. In ya kwana a bushe, ki toshe sinkin ki cika shi da ruwa, ki saki gaba ɗaya kina kallon ƙasa da tocila. Sau tari za ki ga ɗigon yana fitowa daga lanƙwasasshen bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke, inda robar mahaɗarsa ta bushe. In nan ma babu, to gefen sinkin ne, inda ya haɗu da kanta: ruwa na bi ta tsagar duk lokacin da yara suka yi wanke-wanke. Duka ukun ƙaramin aiki ne ga mai gyaran famfo, kuma in ke kika nuna masa wurin da yatsa, ba zai ce sai an fasa bango ba.

Tabon silin kuwa daga kwano yake. Yawanci ramin ƙusa ne ya buɗe, ko mahaɗar kwano biyu ta ɗaga. Kafinta ya hau ya toshe, a cire fallen silin da ya lalace a sa wani, shi ke nan. Kada a shafe tabon da fenti a ce an gama, ruwan Agusta zai tona asiri. Ki kuma zagaya bayan bangon kicin ki duba. In kwata na bin gindinsa, ko nan ake alwala da wanki, shi ya sa ƙasan bangon ke kumbura yana fitar da wani farin gari kamar gishiri. A gyara kwatar da siminti ruwa ya riƙa wucewa, a kankare filastar da ta mutu, a sake wata, a ba ta lokaci ta bushe sosai.

Gara da kyankyaso duk danshin nan ne ya gayyato su. Gara daga ƙasa take hawowa, za ki ga hanyarta ta laka a jikin bango ko gindin ƙofa. Duk katakon da ta shiga a cire shi a fitar da shi daga gidan, a zuba maganin gara a gindin wurin, kuma in da hali a sa ƙofar ƙarfe ko aƙalla firam na ƙarfe. A nan zan ja kunnenki da ƙarfi. Kada wani ya ba ki maganin feshin gona ki fesa a inda kike dafa abinci. Saboda yawan ɓarnar da irinsa ya yi ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019. Ƙwayar nan kuma da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari, iskar da take fitarwa kisa take yi a rufaffen ɗaki, ba ta da wurin zama a ɓangaren da yara ke kwana. Kyankyaso in ya rasa ruwa da ɓurɓushin abinci da tsagar ɓuya, rabin yaƙin ya ƙare. Ki sa a cike duk wata tsaga da siminti, a sa murfi mai raga a bakin kwata.

Yanzu abin da zai maye gurbin ruɓaɓɓen kabad. Kafinta zai nuna miki hotuna a waya, fararen kabad masu sheƙi, ya ce irin na gidan amarya ne. Yawancinsu da katakon MDF ake yi, wato garin katako da aka matse da gam. Yana da kyau a ido, amma in ruwa ya taɓa gefensa sai ya kumbura ya fara zubewa, kuma ba ya komawa. Ki roƙi kafintan ya ba ki ɗan guntun kowane katako da yake son ya yi miki aiki da shi. Ki dubi gefensa: MDF za ki gan shi sumul launi ɗaya, filawud kuwa za ki ga falle-falle an jera. Ki jefa guntayen a kofin ruwa su kwana. Da safe ba sai kowa ya yi miki bayani ba.

Ni abin da zan ce ki yi, ki kira magini ya yi miki kanta ta bulo da siminti. Tsayinta daga ƙasa wajen ƙafa uku, faɗinta ƙafa biyu, in ke gajera ce a rage kaɗan, don ke za ki tsaya a gabanta. A ɗaga ƙasan cikinta kamar tsawon yatsa don ruwan mopin kada ya shiga. Sama a shimfiɗa tayil manya, saboda ƙananan tayil layukansu sun yi yawa, nan maiƙo ke maƙalewa. In kin yi sa'a a wajen masu yankan dutsen kanta, akan sami ragowar da ya rage daga babban aiki a farashi mai sauƙi. Ƙofofin a yi na alminiyom, in kuɗi bai kai ba a sa ƙarfe siriri a rataya ɗan labule, daga baya a yi ƙofa. Irin wannan kanta ba ruwanta da gara, ba ruwanta da ruwa, za ki aurar da 'yarki ta fari tana nan. Kabad na sama kuma, in kin ƙwanƙwasa kin ji da ƙwari, kada ki bari a cire. A wanke maiƙon, a goga samfefa, a yi masa fentin mai, a sake hinjis da mariƙai. Mariƙin kabad ƙaramin abu ne, amma shi ido ke fara sauka a kai.

Tayil a bango ba sai an zagaye kicin duka ba. Bayan murhu da bayan sinki kawai, tsayin ƙafa biyu daga kanta. In tsawon kantar ƙafa goma ne, abin bai kai murabba'in mita biyu ba, katan biyu sun isa har da na fashewa. A Ƙofar Ruwa ki tambayi masu tayil ragowar samfurin da ya kusa ƙarewa, sukan sake shi da sauƙi don ba zai isa babban aiki ba. Ki dai sa a buɗe katan ɗin duka a gabanki, a jera guda-guda a rana, don wani lokaci launin kan ɗan saɓa. Na gida Najeriya ya wadatar, ba sai na Sifen ko Italiya ba.

Baƙin bango kuma tambaya yake yi: da me kike girki? In risho ne kuma harshen wutarsa ja ne ko rawaya, lagwani ne ya lalace ko kananzir ɗin gauraye ne, gyararren risho shuɗiyar wuta yake bayarwa. In gawayi ne, kurfoti ya koma tsakar gida ƙarƙashin 'yar rumfa. Bayan baƙin da yake yi wa bango, gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba marar wari. In gas ne, tun da ana gyara a sake tiyo, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ko da me kike yi, hayaƙi na bukatar hanyar fita ta sama: ƙaramar taga mai raga kusa da silin, ko 'yar fankar zuƙe hayaƙi. In ba a yi wannan ba, sabon fentin baƙi zai koma kafin shekara ta zagayo.

Mu zo kan fenti, inda aka fi cutar mata. Fenti shi ne abin da zai fi sauya gidan a ido, shi ne kuma aka fi yin ha'inci a cikinsa. Abu na farko, bangon kicin sai an wanke shi da ruwan zafi da omo, an ɗauraye, ya bushe. Fenti ba ya kama maiƙo. Inda baƙin ya kama sosai a fara shafa fentin ƙasa na mai, wato shimfiɗar farko da ake yi wa bango kafin ainihin fentin, in ba haka ba tabon zai huda sabon fentin ya fito rawaya-rawaya. Na biyu, shuɗin nan na falonki fentin mai ne, kuma fentin ruwa ba ya zama a kan mai ƙyalli. In mai fenti ya zo ya hau shafawa kai tsaye, ranar zai yi kyau, bayan 'yan watanni ki sa farce ki ga yana ɓarewa falle-falle. Sai an goga samfefa an kashe ƙyallin, an shafa fentin ƙasa, sannan a yi na sama shafa biyu.

Wajen gugar nan ki kula. Tsofaffin fentin mai da yawa da aka sayar a ƙasar nan suna ɗauke da dalma. Gubar dalma ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Ranar guga yara su tafi gidan kakarsu, mai ciki ma kada ta tsaya. A riƙa jiƙa bangon ana gogawa don kada ƙura ta tashi, a rufe kayan abinci, bayan an gama a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Fentin ki saya da kanki, ko ki tura wanda kika yarda da shi, a buɗe bokitin a gabanki. Ga lissafin da zai hana a yi miki wayo: ɗaki mai ƙafa sha biyu sha biyu, in an cire ƙofa da taga, bangonsa wajen murabba'in mita 40 ne. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe kamar murabba'in mita takwas zuwa goma a shafa ɗaya. Ke nan shafa biyu ba za ta wuce lita goma ba, rabin babban bokiti mai lita 20. In aka ce miki ɗaki ɗaya zai ci bokiti biyu, ki tambayi dalili. Ki kuma tsaya a kansa lokacin da yake sirkawa, don wasu sukan tsinka shi da ruwa har ya zama kunu, su ɓoye ragowar. Araha ba ta ado a nan: bokiti mai arha da sai an shafa sau huɗu ya fi mai tsada cin kuɗi. Ku yi jinga a kan aikin duka, ba kuɗin yini ba, ki ba da rabi, sauran sai kin zagaya da rana kin duba kusurwoyi da gefen soket.

Launi kuwa, fari tas yana da kyau a hoto, amma ƙurar Kano ja ce kuma kina da yara biyar. Ruwan madara, ko ruwan ƙasa mai haske, ko ruwan toka mai haske, su ne ke ɓoye ƙura su kuma buɗe ɗaki. Silin kaɗai a yi masa fari. Ki sa a shafa ɗan wuri ki kalle shi da safe da kuma dare kafin a buɗe bokitin duka. A falo da kicin ki ƙara kuɗi ki sayi irin wanda ake gogewa da tsumma, a uwar ɗaka na ruwa ya isa. Launi ɗaya a ko'ina ya fi sauƙi, ba a barin ragowa kala-kala. In aikin ya faɗo cikin hunturu, a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a rufe tagar da iska ke bugowa, saboda ƙura na manne wa ɗanyen fentin mai.

Fitila abu ne mai sauƙi da ake mantawa. Ƙwan LED mai wat tara yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ki sa ɗaya dogo a saman kanta, don in fitila ɗaya ce a tsakiyar silin inuwarki ce ke faɗawa kan abin da kike yankawa. Soket da makunnin da suka yi rawaya a sake su. Mai ajiye caji ma ki sa ɗaya a kicin saboda ɗaukewar wuta.

Falo kuma, kafin ki sayo komai, ki fitar. Shekara goma sha biyar na tara kaya: dibaida cike da tangaran da ba a taɓa ci a ciki ba, kuloli saiti-saiti, furannin roba da suka sha ƙura, kalandun shekarun da suka wuce. Ki fito da komai tsakar gida ki raba uku: wanda kike amfani da shi, wanda za ki ajiye wa 'yan matanki, da wanda dillaliya za ta tafi da shi. Kuɗin na ukun sau da yawa ya isa labule. Dibaidar kanta in ta cinye bango guda, ki sallame ta, za ki yi mamakin girman falonki. Amma tsofaffin kwalla da tasoshin da mahaifiyarki ta jera miki, in suna nan, kada ki bari dillaliya ta yi musu kuɗin goro. Uku ko huɗu a goge su a ɗora a ɗan katako a bango, tare da faifai masu launi daga kasuwar Kurmi. Wannan ado ne da ba a samu a shagon kayan ɗaki.

Kujerun ki sa a kifa ɗaya a yage yadin ƙasa a duba katakon. Kujerun da aka yi shekara goma sha biyar baya sau da yawa katakonsu ya fi na sababbin yanzu ƙwari. In gara ba ta shiga ba kuma ba ya girgiza, soso da riga kawai suke bukata. Soson zama a sa mai tauri, ki danna shi da tafin hannu, in ya dawo nan take shi ne, in ya tsaya yana tunani ki bar shi. Yadin ki je Kantin Kwari da kanki bayan mai kujeru ya faɗa miki yadi nawa, ki zaɓi marar zane da yawa, mai ɗan duhu. In saitin mai zaman mutum bakwai ne kuma falon ya cushe, ki cire guda, kin rage kuɗin yadi kin kuma sami hanya. Labule a ɗaga ƙarfensa kusa da silin, ya sauko har ƙasa, faɗin yadin ya ninka faɗin taga sau biyu don ya yi tattara. Gado ki bar shi, sabon zanin gado ya ishe shi.

Ga yadda zan kasa kuɗin in ni ce, in maigida ya ɗauki nasa ɓangaren. Dubu 150 kicin, wato kanta da tayil da gyaran kabad na sama. Dubu 100 fenti da mai fenti. Dubu 100 kujeru. Dubu 50 labule, leda da fitilu, a ƙara da abin da dillaliya ta kawo. Dubu 50 ki ɓoye, kada ko kafinta ya ji labarinsu, don duk wanda ya taɓa gyaran tsohon gida ya san in aka ɓare wuri ɗaya sai wani ya buɗe baki. Wannan iyaka ce kika sa wa kowane aiki. In farashin kasuwa ya haura iyakar, aikin ake ragewa: kujera a sake soson zama kawai a ɗinka mata rufi, kanta a bar ta da labule. Kowane aiki ki ji bakin mutum biyu ko uku, kuma kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku kamar da yawa, amma siminti na son lokacin bushewa, masu aikin hannu kuma kin san “gobe in sha Allahu” ɗinsu. Watan farko ruwa, rufi, gara da kanta. Na biyu fenti, a lokacin kujeru suna wajen mai gyara don kada su ɓaci. Leda ita ce ƙarshe, bayan ƙasa ta bushe ƙarau, in ba haka ba za ta riƙe danshi ta yi wari. Ki so a ce an gama komai saura mako uku biki, warin fentin mai ya fita, turaren wutarki ya kama labule.

Takardar bango da ƙawarki ta ce, a kicin kam a'a. Tururi da zafi za su ɗaga ta, bayanta kuma ya zama gidan kyankyaso, danshin da kika rufe ya ci gaba da cin bango ba ki gani. A kan fentin mai ƙyalli ma ba ta kamawa da kyau sai an goge shi. In ranki na sonta, ki bari a gama komai, in dubu hamsin ɗin nan sun tsira, ki zaɓi bango ɗaya busasshe a falo, wanda bayansa ba banɗaki ba ne ba kuma kicin ba, a liƙa a nan kaɗai.